Keke mai giya ɗaya, ruwan Legas, da maganar birki

Birkin kekena ya ƙi ni ne wata ranar Talata cikin watan Yuni, ana tsuga irin ruwan nan na Legas da ba ya sallama. Na rufe shago a Ikeja zan koma gida Agege, na biyo ta titin Oba Akran, ruwa na gudu a gefen kwalta har idon sawu. Wata danfo da ke gabana ta tsaya cak don ɗaukar fasinja. Na damƙe hannuwan birki biyu har suka haɗu da kan keken. Na ji roba ta kama rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zaune a kai, na ji wani sauti shuuu kamar ana wasa wuƙa a jiƙaƙƙen dutse, amma keken bai rage gudu ba ko kaɗan. Na sauke ƙafa ina jan takalmi a ƙasa, duk da haka sai da na daki bayan motar da kafaɗa. Allah ya taƙaita, gwiwa ce kawai ta kuje, sai kafaɗar da ta yi mako guda tana mini ciwo. Da na isa gida na zauna, abu ɗaya ya yi ta dawo mini a rai: da ta ɓangaren da manyan motoci ke wucewa na faɗi fa?

Gyaran waya nake yi a Computer Village. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar ranar 1 ga Yunin 2022 zirga-zirga ta fara yi mini wuya, sai kuma aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi ya bar aljihun irinmu a baya. Shi ya sa na koma keke. Na saye shi a hannun wani mai kayan Kwatano, tsohon yayi ne mai siririn jiki na ƙarfe, an cire masa duk tarkacen canjin giya an bar shi da guda ɗaya tak, haƙora 44 a gaba, 18 a baya. Haka nake son sa. Hanyata ba ta da hawa mai yawa, kuma a garin da yashi da ruwan kwata ke shiga kowane lungu na ƙarfe, duk abin da babu shi a jikin keke ba zai lalace ba. Sarƙa ɗaya, miƙaƙƙiya, ka wanke ta ka ɗiga mata mai, shi ke nan.

Sai dai akwai abin da ban yi tunani a kai ba sai bayan na ji jiki. Keke irin nawa yana da firiwil, wato in ka daina taka feda tayar baya tana ci gaba da juyawa abinta. Ƙafarka ba ta da iko a kanta. Ke nan duk abin da zai tsayar da kai da nauyinka da gudunka, wasu 'yan robobi huɗu ne, kowace ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, da ke matse gefen rim. Na kashe kuɗi a kan sirdi mai laushi da fitila da kwado, amma waɗannan robobin ko kallonsu ban yi ba ranar da nake ciniki.

Washegari na tura keken wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Baba muke ce masa duka. Mutumin ƙasar Katsina ne, ya zo Agege tun ina goye, kuma yana gyara da haƙurin da ba kasafai ake samu ba yanzu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, birki zan canza gaba ɗaya. Wanda ya fi kowanne ƙarfi nake so, ko nawa ne."

Bai ce komai ba. Ya juya tayar gaba, ya ƙwanƙwasa rim ɗin da sifana, ya saurara. Sannan ya ɗauko wani ɗan mayen ƙarfe daga cikin gwangwanin notinansa ya kai kusa da rim ɗin, ya manne caf.

"Ɗana, ka gani? Ba birkinka ne ya fara cin amanarka ba. Wannan rim ɗin ƙarfe ne mai ruwan ƙyalli. Da rani lafiya lau. In ya jiƙe kuwa, ko birkin wa ka ɗaura masa, santsi zai yi."

Wannan magana ita ta canza mini lissafi duka, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Rim ɗin ƙarfe da aka yi wa ruwan ƙyalli sumul yake kamar madubi. In ruwa ya kwanta a kansa, roba ba ta samun abin kamawa sai ta share ruwan tukuna, kuma sharewar tana cin juyin taya da dama. Na zauna na yi lissafin da kaina. Taya irin tawa in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa fiye da mita 2. Juyi uku kawai ya wuce mita 6, alhali danfo ɗin da na daka tsawonta bai kai mita 5 ba. Mai tafiya da gudun kilomita 20 a awa kuwa yana cin mita 5 da rabi a kowace daƙiƙa. Ke nan kafin robar ta gama shara ta fara aiki, an riga an isa inda ake gudun isa. Rim ɗin alminiyam shi ma yana rage kamu in ya jiƙe, amma bambancinsu nesa ne, domin roba tana cizon alminiyam da wuri. In kana da keke a garin nan, kafin ka ci gaba da karatu ka nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka gwada a gefen rim ɗinka. In ya manne, ƙarfe ne.

Na tuna keken mahaifina, Allah ya jiƙansa. Raleigh ne baƙi, wanda su suke kira Rali, ƙirar Nottingham ta Ingila, kuma a garinmu a lokacin mai shi ba ƙaramin mutum ba ne. Birkinsa ba waya a ciki, sanduna ne na ƙarfe tun daga hannu har ƙasa, in ka matsa sai su jawo robobin sama su kama cikin rim, ba gefensa ba. Irinsa ne har gobe a jikin Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, waɗanda masu kai burodi da masu kai ƙanƙara ke lodawa kaya. Birkin sanda yana da kirkinsa: ba ya tsinkewa, kuma duk ƙauyen da ka shiga akwai mai iya gyara shi da guduma da sifana. Amma rim ɗinsa ƙarfe ne, kuma mahaifina a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar yake hawa, a kan turbar da babu abin da ke tsayawa gabanka sai jaki ko akuya. A nan ruwa yana farawa tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Duk lokacin da na ga mai Phoenix da lodin burodi ya fi shi tsawo yana kutsawa tsakanin motoci cikin ruwa, gabana faɗuwa yake yi.

Muka yanke shawarar canza ƙafafun biyu zuwa alminiyam. Nan ma akwai abin sani. Tsofaffin nawa irin waɗanda ake ce wa inci 27 ne, faɗinsu milimita 630. Waɗanda suka cika kasuwa yanzu, kuma tayarsu ta fi sauƙin samu, su ne 700C, milimita 622. Na Rali da Phoenix kuwa 635 ne. Ido ba zai raba su ba, amma taya ɗaya ba ta shiga ɗaya. Kuma tun da sabon rim ya fi tsohon ƙanƙanta da milimita 8, gefensa ya sauka ƙasa da milimita 4 daga inda robar birki ta saba samunsa. Tsohon birkina an riga an sauke robobinsa har ƙarshen raminsu. Da muka ɗaura sabuwar ƙafa, sai ga roba tana kallon taya maimakon rim.

Kafin na fahimci wannan, na riga na yi wani kuskure. Abokan da ke hawan kekunan hawan dutse sun yi ta yaba mini V-Brake, wanda kamfanin Shimano na Japan ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1990. Gaskiya suka faɗa, birki ne mai ƙarfi, mai araha, kuma kayansa ko'ina akwai. Na saya ban tambayi kowa ba, na kawo wa Baba cikin leda. Ya buɗe, ya duba, ya nuna mini fok ɗin kekena, wato ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba.

"Ina za mu rataya shi?"

V-Brake hannuwa biyu ne dogaye, kowane yana zama a kan wani ɗan turke da aka yi waldarsa a jikin fok, ɗaya dama ɗaya hagu, haka ma a baya. Tsohon yayinsa mai suna kantiliba shi ma a kan turakun nan yake zama. Kekena ba shi da su. Abin da yake da shi rami ne guda a tsakiyar kan fok, da wani a 'yar gadar da ke saman tayar baya. Keke mai rami ɗaya birkin awartaki yake ɗauka, wanda 'yan kasuwa ke kira kalipa, mai rataya da noti ɗaya ya rungumo taya ta sama. Na ce ko a kai wa mai walda ya dasa turakun. Baba ya girgiza kai, ya ce ƙarfen fok siriri ne, wuta za ta raunana shi, kuma in turke ya karkace ko da kaɗan ne, har abada birkin ba zai zauna daidai ba. Mai kayan ya yi mini kirki ya karɓi abinsa. Tun daga ranar na gane cewa jikin keke da rim su ke faɗa maka irin birkin da za ka saya, kai naka aunawa ne.

Awon kuwa ba wuya. Ka ɗaura ƙafar da za ka yi amfani da ita, ka sa rula daga tsakiyar ramin noti zuwa tsakiyar gefen rim, inda roba za ta kama. Ka auna gaba daban, baya daban, don ba lalle su zo ɗaya ba. Nawa na gaba ya ba ni milimita 59, na baya 64. Birkin awartaki kala-kala ne wajen tsawon hannu. Gajeren, na kekunan tsere, yana kaiwa daga 39 zuwa 49. Matsakaici daga 47 zuwa 57. Dogon daga 55 zuwa 73. Mafi yawan masu kyan gani da za ka tarar an baje a kasuwa cire-ciren kekunan tsere ne, gajeru, suna ta ƙyalli, kuma da na sayi ɗaya da ya tsaya can sama yana matsar taya. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Robar birki in tana gogar gefen taya, a hankali take yanka ta, ranar da za ta fashe kuwa ba za ta yi shawara da kai ba. Wasu suna sa zarto su ƙara tsawon ramin robar don ta sauka. Baba ya ce shi ba ya yi, don wurin da ake ci da zarton shi ne wurin da ke ɗaukar ƙarfin duka.

Dogon hannu yana da wani amfani da ya dace da garin nan: yana barin fili. Gajeren birki da ƙyar yake ɗaukar tayar da ta wuce milimita 28. Ni kuwa tayar 35 nake so saboda ramuka, ga kuma marufin taya mai tare caɓi, wanda duk mai zuwa aiki da fararen kaya ya san darajarsa. Illarsa ita ce dogon hannu ya fi saurin lanƙwasa in an matsa, saboda haka in dai dogo ne, to lalle ya zama mai kauri.

A nan ne bambancin ƙira ya shigo. Tsohon birkina hannuwansa biyu a kan noti ɗaya suke juyawa, kuma ƙarfensu falle ne siriri, in ka matsa kana ganin yana miƙewa da idonka. Ga shi kullum gefe ɗaya na manne da rim, ka daidaita shi yau gobe ya koma. Akwai kuma mai mazauni biyu, wanda kowane hannu ke juyawa a kan nasa notin, shi ma Shimano ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 1990. Ya fi kamu da ƙaramin matsi, kuma akwai ɗan sukuru a jikinsa da ake juyawa a tsayar da shi tsakiya. Sharaɗinsa guda: rim ya zama miƙaƙƙe, don ba ya bin rim mai rawa yadda mai noti ɗaya ke yi. Wanda na samu daga ƙarshe Tektro R559 ne, na wani kamfanin Taiwan, mai kaiwa 55 zuwa 73. Wani abokina mai shigo da kayan waya ya haɗo mini cikin kayansa. Ba talla nake yi ba, duk wanda ya cika awonka kuma hannuwansa ba sa lanƙwasa ya wadatar.

Wani ɗan abu da ke mayar da mutane kasuwa sau biyu shi ne notin ratayawa. Kekunan zamani notinsu nutsewa yake yi cikin fok, a ɗaure da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida da ke shiga kan noti. Tsofaffi irin nawa dogon ƙarfe ne ke ratsa fok ya fito ta baya, a ɗaure da noti na waje da sifana mai lamba 10. Birkin da na ambata ana yin sa iri biyun, saboda haka ka faɗa wa mai kawo maka wanda kake so. Kuma na gaba ya fi na baya tsawon ƙarfe, ba a musanya su.

Sai hannun birki, wanda na ɗauka duk ɗaya ne. Ashe hannun V-Brake yana jan waya kusan ninki biyu na abin da hannun birkin awartaki ke ja. In ka haɗa hannun V-Brake da awartaki, za ka ji shi tauri kamar dutse, ka ɗauka ƙarfi ne, alhali kamun ba shi da ƙarfi, yatsunka ne kawai za su gaji. In ka juya, ka sa hannun awartaki a kan V-Brake, sai ya yi laushi ya tafi har jikin kan keke kafin ya gama aiki. Kekunan Kwatano da yawa haɗe-haɗe ne, an ciro wannan daga nan, wancan daga can, kuma na sha ganin wannan kuskure a jikin kekunan abokai. Akwai hannuwan da ake iya matsar da mazaunin wayarsu su yi aiki da kowanne, in ka samu irinsu ka huta. Ka kuma duba kaurin kan kekenka: miƙaƙƙe irin nawa milimita 22.2 ne, mai lanƙwasa na tsere 23.8.

Wayar birki kuwa, kar ka yi mata rowa. Iskar Legas da laima da gishiri take tafe, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. Da Baba ya zare tsohuwar wayata daga cikin bututunta, ja-wur ta fito, wasu silinta sun tsintsinke. Rabin ƙarfin hannuna a cikin bututun nan yake ƙarewa bai kai ga roba ba. Muka sa wayar da ba ta tsatsa, da sabon bututu mai santsin roba a ciki, aka yanka shi daidai, ba tsawon da zai yi ta lanƙwasa, ba gajartar da za ta hana kan keke juyawa.

Robobin da suka zo da birkin ba su da laifi, amma daga baya na samu na Kool-Stop masu launin jan ƙasa, waɗanda aka san su da kamu cikin ruwa, kuma na ji bambanci. Abin da nake roƙon mutane su guje wa shi ne baƙaƙen nan masu tauri kamar dutse da ake sayarwa a ƙulle cikin leda. Ka danna farce a jiki, in bai shiga ba ko kaɗan, bar musu kayansu. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai ya rataya. Wajen ɗaurawa Baba ya koya mini wata dabara. Roba ta zauna a gefen rim sosai, ta bar kamar milimita 1 tsakaninta da bakin sama don kar ta taɓa taya. Kuma bakinta na gaba ya riga na baya taɓa rim da ɗan kaɗan, shi ke hana kukan nan mai tsinka kunne. Shi da guntun kwali yake yi. Ni na kawo katin roba da ake ɓallo sim daga jikinsa, wanda muke zubarwa kullum a shago, kaurinsa bai kai milimita 1 ba. A saka shi ƙarƙashin bakin baya na robar, a matse birki, a ɗaure noti, a zare. Baba ya juya katin a hannu ya ce in ƙaro masa guda goma.

Na ga wani yaro ya shafa baƙin mai a rim wai don birki ya daina kuka. Don Allah kar a yi. Kukan zai daina, birkin ma zai daina.

Akwai abin da ya shafi mai giya ɗaya shi kaɗai. Tun da babu abin da ke jan sarƙa ta yi tsauri, in ta saki sai an kwance tayar baya an ja ta baya kaɗan. To, duk lokacin da taya ta matsa, rim ya matsa, robobin birki kuwa suna inda suke. Sau ɗaya wani mai faci a hanya ya ja mini taya bayan ya gama liƙi, na hau na tafi, sai da na isa shago na ga roba ta fara cin gefen taya. Yanzu ko wa ya taɓa tayar baya, ba na hawa sai na durƙusa na duba, alanki mai lamba 5 kuwa kullum yana aljihuna.

Maganar da na fi son ta isa kunnen 'yan uwana ita ce ta birkin gaba. Mun taso ana ce mana birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu suna kwance shi su jefar. Ɗan yayana da ke ɗaukar keken ran Lahadi ya ce mini, "Kawu, ni fa na baya kawai nake taɓawa." Na fita da shi wani fili bayan sallar La'asar, muka ja layi a ƙasa, na ce ya taho da gudu ya tsaya da na baya kaɗai. Taya ta ja ƙasa kiii, ya wuce layin da nisa. Na ce ya sake, ya miƙe hannuwansa, ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya matsa na gaba a hankali yana ƙarawa. Ya tsaya kafin layin, ya juyo yana kallona. Dalilin a fili yake: in ka ci birki nauyinka gaba yake tafiya, tayar baya ta yi sakayau ta rasa abin da zai danna ta ƙasa, ta gaba kuwa ta ƙara kama kwalta. Abin da ke kifar da mutum shi ne fizgar birki lokaci guda da sakakkun hannuwa. Inda ake sassauta wa na gaba shi ne kan yashi, da jiƙaƙƙen murfin kwata na ƙarfe, da cikin kwana, nan kam na baya ne abokin tafiya. Don haka biyun duka nake so a jikin keke, kuma in kuɗinka na mai kyau ɗaya ne, sa shi a gaba.

Ka kuma san wane hannu ne na gaba kafin ka hau kowane keke. Na Ingila hannun dama ne gaba, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai hagu ne, kayan Kwatano kuwa daga ko'ina suke zuwa. Ni na sa Baba ya mayar mini da na gaba dama, saboda na yi shekaru ina hawan babur, kuma hannuna can ya saba zuwa in abu ya taso ba shiri.

An tambaye ni me ya sa ban sa birkin feda ba, wanda ake taka baya ya tsaya. Ruwa ba ya damunsa, gaskiya ne, don a rufe yake cikin cibiyar taya. Amma tayar baya kaɗai yake kamawa, kuma ran da sarƙa ta zame, shi ma ya tafi. Birkin faifai, wanda ke matse wani faifan ƙarfe a cibiyar taya maimakon rim, ya fi duka a ruwa, sai dai yana son jikin keke da ƙafafun da aka ƙera dominsa, wato sabon keke ke nan. Su kuma samarin da nake gani a bidiyo suna hawan keken da fedarsa ke manne da taya babu birki ko ɗaya, suna tsayawa da ƙarfin cinya, wannan abin filin tsere ne. A tsakanin danfo da Keke Marwa, wato a-daidaita-sahu, da masu tsallaka titi da tire a ka, ban yarda da shi ba, kuma ba zan bar ɗan gidanmu ya gwada ba.

Damina biyu ke nan da gyaran. Duk ran da na shiga ruwa mai zurfi, ina fita nake ɗan riƙe birki sama-sama na 'yan mitoci don robobin su share rim kafin a buƙace su. Ran Asabar da safe nakan juya keken, in wanke gefen rim da ruwan sabulu, in cire wannan baƙin dattin da alminiyam ke fitarwa, sannan in bi robobin da allura ina tsince tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfen da suka nutse ciki, domin su ne ke cin rim kamar zarto. In tsagogin jikin roba suka shafe, ta gama aiki. Wannan shi ne kuɗin da alminiyam ke karɓa: yana kamu, amma yana cinyewa, yashin Legas kuwa yana gaggauta masa.

Makon jiya na shafa gefen rim ɗin baya na ji ya fara yin kwari a tsakiya. Na kai wa Baba, ya ɗora bakin rula a kai, muka ga haske na wucewa ta ƙarƙashi. Ya ce zai kai ni ƙarshen rani, amma kar ruwan Afrilu ya same ni a kansa, don rim in ya sirance iskar taya ce ke tsaga shi. Na ba shi kafin alƙalami ya nemo mini wani mai ramukan wayoyin ƙafa 36 kamar wannan, ya ce in dawo bayan Juma'a biyu.